Amsa ga Malama mai shirin binciken gamsuwar mata masu zuwa awo

Malama, kin tambaya ko ya wadatar ki fassara takardar tambayoyinki daga Turanci ki raba wa mata masu zuwa awon ciki, domin ki san ko sun gamsu da kulawar da ake ba su. Na daɗe ina irin wannan aiki a ƙananan asibitocin Jos, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne wanda zai yi tambayar da wurin da zai zauna.

A gwajinmu na farko, ma'aikaciyar jinya ce sanye da fararen kayanta ta zauna bakin ɗakin awo tana tambaya, katunan matan a kan cinyarta. Kusan kowacce ta ce "Alhamdulillahi, ba laifi," har da wata mai goyo da na ga isowarta tun hantsi bai ɗaga ba, amma ba a kira ta ba sai bayan azahar. Kara ta yi, domin babu wadda za ta kushe hannun da wataƙila shi zai karɓi haihuwarta. Da muka koma inuwar bishiya a wajen ƙofa, muka sa wata mai tambaya cikin atamfa da hijabi, sai ga ƙorafi kan dogon layi, da tsawa, da maganin da ake cewa a saya a waje.

Ma'aunin nan mai hawa 5, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", bai taɓa yi mini amfani a bakin asibiti ba. Gara ki tambayi abin da ya faru: yaushe kika iso, yaushe aka duba ki, an auna jininki yau, an faɗa miki sakamakon? Idan za ki tambayi ciwo, ki kira shi da sunan da mata suka sani, kamar jijjiga ko kumburin ƙafa. Bayan fassara, ki ba wani da bai ga na Turancin ba ya mayar da ita Turanci, ku kwatanta, sannan ki gwada ta a kan mata kamar 10. Kada kuma ki manta cewa a Jos muke. 'Yar Birom ko Afizere na iya jin Hausar kasuwa sarai, ta kasa gane Hausar littafi.

Kafin ki fara, ki nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, kuma kada ki rubuta sunan kowa, musamman tunda an kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023. Ki shaida wa kowace mace cewa ƙin amsawa ba zai taɓa awonta ba. Manhajar KoboToolbox, wadda ake shigar da amsoshin tambayoyin bincike a cikinta, tana aiki a waya ko babu intanet, sai dai ki tafi da takardu kaɗan a jaka saboda caji.