Tulun ajiye tokar mamaci: wane ƙarfe ya fi, wane shafe ke daɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin kula da tsofaffi a Manchesta, wata dattijuwa da na shekara 3 ina kula da ita ta rasu, an ƙona gawarta kamar yadda ta bar wasiyya. 'Yarta ta roƙe ni in taya ta zaɓen tulun ƙarfe na zuba tokar, kuma tana so ta kai wa danginsu wani kaso a Jamaika. Mun duba intanet kanmu ya ɗaure, wannan tagulla, wancan silba. Wanne za mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, sannu da ɗawainiya. Mu Musulmi ba ma ƙona gawa shi ya sa abin ya zo miki baƙo, amma a can Birtaniya kusan kashi 80 cikin ɗari na mamata ƙona su ake yi, to sana'ar ƙera tulunan nan babba ce, kuma akwai algus a cikinta kamar kowace kasuwa.

Kafin ku kalli kowane hoto ki tambayi 'yar: a ina tulun zai zauna? A falo, ko a ɗan gurbin bango na maƙabarta, ko binnewa za a yi? Amsar nan ita ce za ta zaɓa muku ƙarfen. In gurbin bango ne a karɓo awonsa tukuna, dan sau da yawa a sayo tulu mai tsada a zo ya ƙi shiga. Girma kuwa ba wuya, tokar babban mutum kilo 2 zuwa 3 ce galibi, tulu mai cin lita 3 da ɗan ɗori ya isa.

Wanda za ku fi gani shi ne tagulla mai ruwan ɗorawa, haɗin jan ƙarfe da tutiya, kuma da yawansu daga Moradabad ta Indiya ake kawo su, garin da ya yi suna da aikin tagulla. Yana da nauyi a hannu, ba ya tsatsa, yana karɓar zane da rubutun suna sosai, ni shi nake fara nuna wa mai son ajiyewa a cikin gida. Sai dai ki tafi da ɗan maganaɗisun firji a jaka, ki manna a gindin tulun, in an ce miki tagulla ne amma ya kama to baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka da ruwan tagulla, wata rana tsatsa za ta ɓullo ta inda ya ƙarzu. Akwai kuma buronz, jan ƙarfe da kuza, ya fi duhu ya fi tsada, shi ne mai jure ruwa da rana, in ya daɗe a waje yana yin kore-kore kuma wannan koren ba lalacewa ba ce, kariya ce ma. Alminiyam ba nauyi ba tsada amma yana lotsewa in ya faɗi. Silba mara tsatsa, wato stainless steel, ba ruwansa da wahalar kulawa, in kusa da teku za a ajiye a nemi mai lamba 316, ya fi 304 jure iskar gishiri.

Yanzu maganar shafe, a nan ne mutane suka fi yin asara wallahi. Mai ƙyalli kamar madubi yana ɗaukar ido a shago, amma ki tuna wannan abu ne da 'yar za ta riƙa taɓawa in kewa ta taso mata, kowane yatsa sai ya bar shaida, kullum ana cikin goga. Wanda aka goge da buroshi ya yi siraran layuka, mara ƙyalli sosai, shi ke ɓoye sawun hannu da ƙananan ƙarzuwa, shi na fi so gaskiya. Yawancin na tagulla ana fesa musu wani shafe mara launi kamar banish dan kar iska ta dusashe su, to irin wannan kar a kuskura a sa masa Brasso, ruwan goge tagulla, zai cinye shafen ya bar dabbare-dabbare, sai ka ga tulu ya yi kamar mai ƙyasbi, tsumma mai laushi busasshe ya wadatar. Masu launi, shuɗi ko fari ko baƙi, na kirkin garin fenti ake fesawa a gasa a tanda wajen digiri 200, ya fi fentin gwangwani riƙo nesa ba kusa ba, ku tambayi mai shagon wanne ne. Masu adon furanni da aka tsara da siririyar waya aka cike da narkakken gilas suna da kyau ƙwarai amma faɗuwa ɗaya sai su ɓantare, ba na gidan da ke da yara ba ne.

Batun Jamaika kuma, dan Allah kar ta shiga filin jirgi da tokar a cikin ƙarfe. Na'urar duba kaya ba ta cika gani ta cikin ƙarfe mai kauri ba, a Amurka ma hukumar TSA mai binciken kaya a filayen jirgi ta faɗa ƙarara cewa jami'anta ba za su buɗe mazubin toka ba ko da mai shi ya yarda, in na'ura ba ta gani ba ba zai wuce ba. Ta zuba kason tafiyar a mazubin roba ko katako, ta riƙe a jakar hannu tare da takardar shaidar mutuwa da ta wurin ƙonawa, ta kuma kira kamfanin jirgin tun da wuri. Tulun ƙarfen ya tafi fanko a cikin akwati.

In tulun ya iso ku murɗa murfin ku buɗe sau biyu uku tun ba a zuba komai ba, in yana cijewa ko yana zama a karkace ku mayar, kuma a bar tokar cikin ledarta a saka haka nan.