Motar da ba ta da direba, wa zai zuba mata mai?

Tambaya: Malam, ni ma'aikacin gidan mai ne, shekara goma ke nan ina wannan aiki. Na ji an ce akwai motoci masu tuƙa kansu a ƙasashen waje. To idan ba kowa a ciki, wa ke zuba musu mai? Ko mu ma na'ura za ta karɓe mana aiki?

Amsa: Malam, motocin nan ba tatsuniya ba ne. Kamfanin Waymo, wanda ya samo asali daga wani aikin Google na 2009, ya buɗe wa jama'a tasi marar direba a birnin Finiks na Amurka a 2020, daga baya ya shiga San Faransisko da Los Anjalas. Kamfanin Baidu ma na yin irin wannan a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Da waya ake kiran motar, ta zo ta tsaya, ka shiga baya, ka ga sitiyari na juyawa, kujerar direba wayam.

Sai dai yawancinsu ba sa shan fetur, da lantarki suke aiki. Idan batir ya yi ƙasa, motar takan koma garejin kamfani da kanta, amma mai jona mata waya mutum ne, kuma shi zai kwashe ledar da fasinja ya yar. Abin dariya, motar da ta ratsa gari ita kaɗai tana jiran a zo a sa mata caji.

Na'urar zuba mai kuwa an ƙera ta, an gwada ta a wasu gidajen mai na arewacin Turai. Kyamara ta karanta lambar mota, hannun ƙarfe ya buɗe ƙofar tanki ya zura bakin famfo. Ba ta yaɗu ba saboda wata motar tankinta na dama, wata na hagu, murafe kala-kala, ga tsada, ga haɗarin gobara. Kuma a can mai mota ne ke zuba wa kansa, don haka babu albashin da na'urar za ta rage wa mai gidan man. A ganina hanyar kamfanin Nio na Sin ta fi ma'ana: mota ta shiga rumfa, a zare batirin ta ƙasa, a saka cikakke cikin kamar minti uku.

Tuƙin shi ne mai wuya. Motocin sun dogara da taswirar da aka auna titi bayan titi, kuma duk da haka a 2018 motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata mai tura keke a garin Tempe na Amurka. Ka kawo ta Sabon Gari a Kano, inda ɗan adaidaita ke neman hanya da hannu da oda, ka ga yadda za ta daskare.

Abin da ya fi kusa da famfonka shi ne iskar gas ta CNG da ake sa wa mota maimakon fetur, wadda gwamnatin Najeriya ke turawa tun bayan cire tallafin mai a 2023. Da matsi mai ƙarfin gaske ake danna ta cikin silinda, ba kamar tsiyaya fetur ba, kuma tana buƙatar wanda ya san duba silinda da yoyo. Da ni ne kai, horon wannan zan nema.