Amsa ga mai tambaya kan yadda ake zama mai faɗa a ji a cikin ƙungiya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa kai kake ɗaukar aikin wahala a ƙungiyarku amma ba a sauraron shawararka, alhali waɗansu da ba su fi ka komai ba sai ɗaga murya su ake bi idan za a yanke magana. Na daɗe ina riƙe da littafin taro na wata ƙungiyar ma'aikata, kuma mai rubuta bayanin taro yakan lura da abubuwan da masu magana ba su da sukunin gani.

Abin da na fi tabbatarwa shi ne jama'a ce take ba mutum martaba, kuma tana ba da ita ne gwargwadon amfanin da ta gani da idonta. Ka lura a taronku na gaba: idan aka kawo matsala mai sarƙaƙiya, ɗakin yakan yi tsit na ɗan lokaci, idanu su karkata wajen mutum ɗaya ko biyu, har shugaba kansa yakan saci kallon wani kafin ya buɗe baki. Sau da yawa wanda ake kallon ba ya cikin masu muƙami ko kaɗan.

Masana biyu, Joseph Henrich da Francisco Gil-White, sun bayyana a 2001 cewa hanyoyin samun matsayi biyu ne. Akwai ta fin ƙarfi da tsoratarwa, inda mutane suke bin mutum suna kauce wa haɗa ido da shi, akwai kuma ta ƙwarewa, inda suke matsowa kusa da shi da kansu don su koya. Wani bincike da Joey Cheng da abokan aikinta suka wallafa a 2013 ya nuna cewa duka hanyoyin biyu suna sa a ji maganar mutum, sai dai na biyun ne ake ƙauna. Na ga na farkon da idona. Mutum ne mai katse kowa, mai tuna wa ƙanana cewa shi ya sa hannu a takardarsu, kuma an bi shi shekaru, amma ranar da ya sauka daga kujera babu wanda ya ƙara neman ra'ayinsa.

Game da masu ɗaga muryar da suke damun ka, dalilin nasararsu sananne ne. Cameron Anderson da Gavin Kilduff sun gano a 2009 cewa masu saurin fara magana da gaba gaɗi ana ɗaukarsu ƙwararru ko da ba su fi sauran iya aikin ba, domin ƙungiya takan riƙe amsar da aka fara kawowa. Wato ba a iya leƙa cikin kan mutum, don haka ana auna shi da abin da ya fito fili. A nan nake ganin matsalarka take. Aikin da ka yi cikin dare kai kaɗai, wani ya karanta rahotonsa da safe, a idon jama'a aikin mai karantawa ne.

Maganin wannan yana buƙatar taka-tsantsan, domin yabon kai jahilci ne, kuma jama'a ba ta yafe shi da sauƙi. Wani masani mai suna Richard Lee ya ba da labari a 1969 cewa mafarautan hamadar Kalahari sukan kushe naman da ɗaya daga cikinsu ya kamo, komai girmansa, don kada girman kai ya shige shi. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka riƙa gabatar da rahoton aikinka da bakinka, a taƙaice, da alƙaluma idan akwai, kana ambaton sunan duk wanda ya taimaka maka. Ka yi magana da wuri a taro, kan abu guda da ka sani sosai. Ka kuma karɓi aikin da kowa zai ji rashinsa idan ba a yi ba, kamar riƙon asusu ko sasanta masu saɓani. Na san wata ma'aji da take karanta lissafi har ƙaramin canji tana ɗaga rasit ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan wani lokaci ba a ƙara yanke maganar kuɗi ba sai an ji ta bakinta. Binciken Robb Willer na 2009 ya dace da wannan: wanda aka ga yana sadaukarwa don ƙungiya ana ƙara girmama shi, girmamawar kuma tana ƙara masa himma.

Ba zan ɓoye maka ba, ma'aunin ba kullum yake adalci ba. Robert Merton ya nuna tun 1968 cewa ko a tsakanin masana kimiyya, wanda ya riga ya yi suna shi ake jingina wa aikin da aka yi tare. Saboda haka sabon shiga yana buƙatar haƙuri, yana kuma buƙatar wani babba da ake jin maganarsa wanda zai ce a gaban kowa: wannan aikin wane ne. Ka nemi irin wannan mutumin, ka riƙa nuna masa aikinka kafin taro. Idan kuwa ka yi duk wannan ka tarar ƙungiyar ba ta auna kowa sai da dukiya ko da wanda ya kawo shi, to ka rage ƙarfin da kake zubawa a can, ka kai shi inda ake duba aiki.