Yadda Messerschmitt KR200 ke ja da baya ba tare da giyar ribas ba

Ka tambaye ni, ɗana, yadda ƙaramar motar nan ta Jamus mai taya uku da ka gani a waya take komawa baya, tunda an ce babu ribas a giyarta. Tambaya ce ta mai son sanin aiki, don haka ajiye sifana ka saurara.

Sunanta Messerschmitt KR200. An ƙera ta a garin Regensburg daga 1955 zuwa 1964. Kamfanin Messerschmitt na jiragen sama ne, amma bayan yaƙin duniya na biyu aka hana shi ƙera jirgi, sai ya karɓi zanen wani injiniya mai suna Fritz Fend. Shi ya sa direba ke gaba, fasinja na bayansa, rufin kuma ɗaga shi ake yi gefe guda a shiga. A lokacin mutane ba su da kuɗin babbar mota, titunan tsofaffin birane kuma matsattsu ne.

To, ga sirrin. Injinta na Fichtel & Sachs ne, silinda ɗaya, cc 191, irin na tsohuwar Vespa wanda ake haɗa wa baƙin mai da fetur. Irin wannan inji ba shi da bawul. Ramuka ne a jikin silinda, fistin ne ke buɗe su yana rufewa. Fistin kuwa hawa da sauka kawai ya sani, ko ƙaranshaf, sandar da fistin ke juyawa, ya juya dama ko hagu, lokacin da ramukan ke buɗewa ɗaya ne. Ba kuma famfon baƙin mai da zai daina turawa in an juya shi baibai, tunda man yana cikin fetur. Saboda haka in direba zai ja baya, sai ya tsaya cak, ya kashe inji, ya danna makulli ciki sannan ya murɗa. Sitata sai ta juya injin ta ɗaya ɓangaren, motar ta kama tafiya da baya.

Abu ɗaya ne ke canzawa, kuma nan nake so ka buɗe kunne: wuta. Fulogi yana ba da wuta kaɗan kafin fistin ya kai ƙololuwa. In inji ya juya baibai, wannan "kafin" ya koma "bayan", ƙarfi ya tafi. Don haka suka sa kontak biyu, wato abin da ke tsara lokacin da fulogi zai ba da wuta, ɗaya na gaba, ɗaya na baya. Duk ranar da irinta ta shigo hannunka tana tashi lafiya amma ta ƙi tashi ta baya, kar ka taɓa kabureta, kar ka kwance giya. Buɗe murfi ka duba kontak na biyun, ka goge bakinsa, ka auna tazararsa. Da yake ba a cika amfani da shi ba, shi ne ke fara yin tsatsa.

Kar ka yi tunanin wannan dabara za ta yi a injin mai bawul, irin na adaidaita sahun da muke gyarawa kullum. Can kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, shi ne ke ba da umarni, in ka juya shi baibai sai inji ya nemi shan iska ta salansa. Dole a yi masa ribas a giya.

Akwai haɗari kuma. Tunda injin ne ya juya, giya huɗun nan duka suna aiki ta baya, kuma motar tana kaiwa kilomita 90 a awa. Taya ɗaya ne a baya, birkinta na waya ne. In za ka gwada ta, ka tsaya a giya ta ɗaya, a fili, ba yara a kusa.

Wasu ma ko wannan wahalar ba su sha ba. Peel P50, da aka fara yi a tsibirin Man da ke kusa da Ingila a 1962, mariƙi kawai aka sa mata a baya. Nauyinta bai kai kilo 60 ba, direba ke fitowa ya ɗaga bayanta ya juya ta da hannu.