Tocilar bindigata tana girgiɗi bayan harbi, in zuba mata gam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar bindiga mai jikin roba, na ɗaura mata tocila mai haɗe da leza, wato siririn hasken da ke nuna ɗigo a wurin da aka auna, a ƙarƙashin baki. Duk sanda na dawo daga atisaye sai in tarar tocilar tana girgiɗi, ɗigon lezar kuma ya bar inda na saita shi. Na matse notin iya ƙarfina, amma ba ta sauya zani ba. In zuba mata gam ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da maganar gam tukuna, matsewar nan ma ka tsagaita. Kafin ka taɓa komai, ka zare gidan harsashi, ka ja saman bindigar baya, ka tabbatar da idonka da yatsanka cewa babu harsashi a ciki.

Galibi ba noti ne mai laifi ba. Aikin noti shi ne ya sa tocila ta rungumi layin ɗauri, wato layin da ke ƙarƙashin bakin bindiga inda ake maƙala ta, ta gefe da gefe. Abin da ke hana ta zamewa gaba da baya wani ɗan makulli ne a bayanta, wanda ke faɗawa cikin tsagin da aka yanka a layin. To tsagin nan ba iri ɗaya ba ne. Layin Picatinny, wanda rundunar sojin Amurka ta amince da shi a 1995, faɗin tsaginsa milimita 5.23 ne, daga tsakiyar wani zuwa tsakiyar na gaba kuma milimita 10.01. Ƙananan bindigogi da yawa ba wannan ma'aunin suka bi ba. Akasarin na kamfanin Glock tsagi ɗaya gare su, kuma ya fi na Picatinny matsi. Shi ya sa kamfanin tocila na Streamlight ke sako makullai iri-iri a kwalin tocilarsa samfurin TLR-2. In ka sa siririn makulli a tsagi mai faɗi, ka bar masa filin wasa, kowane harbi sai ya bugi bango ya dawo har notin ya saki. Ka ciro tocilar ka juya bayanta, ka duba alamar da ke jikin makullin, ka gwada ta da takardar da ta zo a kwali. Mutane da dama makullin da suka tarar a jiki suke bari, ba su ma san akwai wasu a cikin leda ba.

In makulli ya dace, saura ɗauri. Lokacin harbi bindiga baya take zabura, tocila kuwa nauyinta na son ta tsaya inda take, sai ta zama kamar gaba take zamewa. Don haka ka tura ta gaba, wajen bakin bindiga, har makullin ya jingina da bangon tsagi, ka riƙe ta a haka sannan ka ɗaure. Ka goge mai da datti daga layin da haƙoran notin tun farko.

Matsewa fiye da kima kuwa ɓarna ce a jikin roba. Tana iya lanƙwasa gaban bindigar ta takura saman da ke kai da komo, harsashi ya riƙa maƙalewa, ko haƙoran noti su cinye. Ka tsaya a iyakar da masu tocilar suka rubuta.

Gam na gama-gari bai da wuri a nan. Wanda aka yi don noti shi ne irin Loctite, shuɗin, mai lamba 242 ko 243, wanda ke kwantuwa da sukundireba. Ɗigo ɗaya a kan haƙoran ya wadatar, ka bar shi awa 24 kafin ka yi harbi, kada kuma ya taɓa roba domin yana tsattsaga wasu nau'o'inta. Jan, mai lamba 271, sai an gasa shi da wuta yake saki, kada ka kusance shi. Ni kam ba na gaggawar ba da shawarar ko da shuɗin, saboda wasu tociloli sai an cire su ake sauya batir, ka ga kullum kana cikin kankarewa da sake shafawa.

Da ka gama, ka ja ɗan layi da alƙalamin fenti daga kan notin zuwa jikin tocilar. Ranar da layin ya rabu biyu, noti ya motsa, kallo ɗaya ya ishe ka.

Ita leza duk lokacin da aka cire tocila aka mayar sai an sake duba saitinta a filin atisaye, a nisan da ka saba. In tocila ta zauna daram amma ɗigon na ci gaba da yawo, ƙananan notocin saiti ne suka gaji, sai ka mayar wa kamfanin ko ka kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga. Ka kuma duba kubenka: wanda ba don wannan tocilar aka ƙera shi ba yana fizgarta duk sanda ka zare bindiga.