WhatsApp, Telegram ko Signal: Wa Ya Fi Gaskiya a Gardamar Majalisarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, muna da majalisa a unguwarmu, yawancinmu masu sha'awar harkar waya da kwamfuta ne, har da mai gyaran waya a cikinmu. Kullum gardamarmu ɗaya ce. Wani abokina ya kafe cewa Telegram ya fi WhatsApp tsaro, wai WhatsApp na Facebook ne, duk abin da muka rubuta suna karantawa. Wani kuma ya ce duka biyun ba abin yarda ba ne, Signal kaɗai ne mai amana. Ni dai GB WhatsApp nake amfani da shi, saboda ina ganin saƙon da aka goge, kuma ina iya ɓoye cewa ina kan layi. Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, mai Signal ya fi kusa da gaskiya, mai Telegram kuma ya yi kuskure a daidai wurin da yake ganin ya fi ƙarfi. Amma a cikinku ukun, kai ne hankalina bai kwanta da halin da kake ciki ba, kuma zan zo kanka bayan na gama da su.

Abin da ake nufi da tsaron saƙo a nan shi ne a kulle shi tun daga wayarka, ya bi ta intanet da kwamfutocin kamfani a kulle, ba ya buɗuwa sai a wayar wanda ka aika wa. Makullin a cikin wayoyinku biyu yake, kamfanin ba shi da shi. WhatsApp ya kammala sanya wannan tsari ga kowa a watan Afrilu na 2016, ya shafi rubutu da murya da hoto da kira, har da hirar guruf. Kuma fasahar da ya yi amfani da ita ta mutanen Signal ce, su suka ƙirƙira ta. Don haka maganar cewa ma'aikatan Facebook na zaune suna karanta hirarka da iyalinka ba ta da madogara. Ƙofa ɗaya da ya kamata ka sani ita ce, idan wanda kuke hira da shi ya kai ƙararka ta cikin manhajar, saƙonninka biyar na ƙarshe zuwa gare shi suna isa hannun kamfanin. Shi ne ya miƙa su da kansa.

Telegram ba haka yake ba, kuma wannan ne mutane da yawa ba su sani ba. Hirar yau da kullum a Telegram ana ajiye ta ne a kwamfutocin kamfanin, kuma makullin na hannunsu. Shi ya sa idan wayarka ta faɗi ka sayi sabuwa, da ka sa lambarka sai ka ga komai ya dawo, har hotunan shekaru biyar da suka wuce. Daɗin da abokinka yake ji ke nan, kuma daɗin nan shi ne shaidar cewa ba kai kaɗai ke riƙe da makulli ba. Akwai Secret Chat, wanda yake kulle daga waya zuwa waya, amma sai mutum ya je ya kunna shi da hannunsa, tsakanin mutum biyu kawai yake aiki, babu shi a guruf, babu shi a tasha, wato channel da ake watsa saƙo ga jama'a. Ka tambayi abokin naka sau nawa ya taɓa buɗe shi. Bayan haka, da aka kama Pavel Durov, shugaban kamfanin, a Faransa a watan Agusta na 2024, wata guda bayan nan Telegram ya sauya ƙa'idarsa, ya bayyana cewa zai iya miƙa wa hukuma lambar waya da adireshin intanet (IP, lambar da ke nuna inda waya ke shiga intanet) na wanda ake tuhuma idan aka zo da buƙata ta shari'a. Ba na raina Telegram. Wajen tura manyan fayiloli, da karatuttukan malamai, da guruf mai ɗaukar mutum har 200,000, babu wanda ya kama ƙafarsa a cikin ukun. Amma wurin yaɗa abu ne ga jama'a, kada a ɗauke shi ɗakin sirri.

To ina gaskiyar abokin naka mai Telegram take? Tana wajen rashin yardarsa da Meta, wato kamfanin Facebook da ya sauya suna, wanda ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19. Wanda ya kashe wannan kuɗi ba don Allah ya kashe ba. Saƙo a kulle yake, amma abin da ke kewaye da saƙon a fili yake. Kamar ka ba ɗan aike wasiƙa a rufe ce: bai san abin da ke ciki ba, amma ya san gidan da ya kai ta, da lokacin, da kuma cewa kullum can yake zuwa. WhatsApp ya san lambarka, da lambobin da ke cikin wayarka idan ka ba shi izini, da irin wayar, da adireshin intanet ɗinka, da sunayen gurufofin da kake ciki, da lokutan da kake hawa. Ga ɗan jarida mai bincike, ko wanda ke tona asirin almundahana a ofishinsu, wannan kaɗai ya isa ya jefa shi cikin matsala, domin sanin cewa ka yi magana da wane da ƙarfe biyun dare wani lokaci ya fi abin da kuka faɗa nauyi. Rikicin Janairun 2021, lokacin da WhatsApp ya ce sai an amince da sabuwar ƙa'idarsa, mutane suka yi ta tururuwa zuwa Signal da Telegram, a kan irin waɗannan bayanai aka yi shi da kuma hirar da ake yi da 'yan kasuwa. A Najeriya ma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa.

Akwai kuma wata kafa da ake mantawa: ajiyar hirar WhatsApp da waya ke turawa Google Drive. Wannan ajiya ba ta samun irin wancan kulli sai ka shiga saiti ka kunna da kanka, zaɓin da aka kawo a 2021. Ka kunna, amma ka riƙe kalmar sirrin da kyau, don idan ka manta babu mai iya buɗe maka.

Signal kuwa gidauniya ce ke tafiyar da shi, ba kamfanin talla ba. Brian Acton, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa WhatsApp, shi ya zuba dala miliyan 50 aka kafa gidauniyar a 2018 bayan ya bar Facebook. Rubutun kwamfuta da aka gina manhajar da shi a buɗe yake, masana na iya dubawa, saɓanin WhatsApp da sai dai ka yarda da abin da aka gaya maka. A 2016 da hukumomin Amurka suka nemi bayanan wasu masu amfani da shi ta hanyar kotu, abin da Signal ya iya bayarwa shi ne ranar da aka buɗe asusu da lokacin da aka hau na ƙarshe, don ba shi da wani abu a ajiye bayan wannan. Matsalarsa ita ce mutanenka ba sa can. Gurufin dangi da na makarantar yara da na abokan ciniki duk suna WhatsApp. Kuma ko Signal ba ya maganin sakaci. A watan Maris na 2025 manyan jami'an gwamnatin Amurka suna tattauna harin da za su kai Yaman a cikin gurufin Signal, ashe sun saka editan mujallar The Atlantic a ciki bisa kuskure, yana zaune yana karanta komai.

Yanzu mu zo kanka. GB WhatsApp ba na kamfanin WhatsApp ba ne. Wani ne da ba ka san sunansa ba, ba ka san ƙasarsa ba, ya ɗauki manhajar asali ya farke ta, ya cusa abin da ya ga dama, ya sake ɗinkewa. Shi ya sa babu ita a Play Store, sai dai ka sauke daga wani shafi mai cike da talla, ko a tura maka ta Xender a wajen mai cajin waya. Duk kullin da na yi ta bayani a sama, a cikin manhaja yake buɗewa, domin dole ta buɗe saƙo kafin ta nuna maka. Idan manhajar ce ba ta da amana, ba sauran abin da ya rage. Ka tuna kuma irin izinin da ka danna mata ranar da ka sanya ta: lambobin mutanenka, hotunanka, kyamara, makirfo, wataƙila har da saƙonnin tes, inda banki ke turo maka lambar tabbatar da cire kuɗi. Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano wani mugun shiri mai suna Triada a ɓoye cikin FMWhatsApp, 'yar'uwar GB, yana iya karanta tes yana kuma yi wa mutum rajistar abubuwan da ake cirar kuɗi ba da saninsa ba. Ga kuma WhatsApp da kansa yana rufe lambobin masu amfani da irin waɗannan manhajoji, wanda ga mai sana'a ta waya asara ce babba.

Ɓoye cewa kana kan layi, tun 2022 WhatsApp na asali ya kawo shi, yana cikin saitin sirri. Ganin saƙon da aka goge kuwa, gaskiya ba na goyon bayansa. Mutumin da ya goge magana ya janye ta ne, wataƙila cikin fushi ya rubuta, wataƙila ba kai ya yi nufin aika wa ba. Kana neman a kiyaye sirrinka, to mutanen da ke hira da kai ma suna da nasu, kuma ba su san cewa hirarsu na ratsawa ta manhajar wani baƙo ba.

Abin da ya fi cin mutanenmu a zahiri ma bai kai ga duk wannan fasaha ba. Kira ne kawai. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci sunan gurufin da kake ciki, ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don ya sa sunanka. Da ka karanta, asusunka ya koma wayarsa, kafin la'asar ya bi 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya yana cewa kana asibiti a taimaka da dubu ashirin. Maganinsa shi ne tabbatarwa mai mataki biyu da ke cikin saitin asusu: ka zaɓi lambar sirri shida taka ta kanka, ka haɗa da imel. Ka riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka, duk wadda ba ka gane ba ka cire ta. Idan za ka ba da waya gyara, ko da wurin abokin naku ne, ka cire layi da katin ajiya, kuma kada ka ba da lambar buɗe allo sai aikin ya buƙaci haka, kana tsaye.

Wajen barin GB, ka sani ba lallai ne tsohuwar hirarka ta biyo ka lafiya ba. Ka fara kwashe hotuna da takardu da rasidan da kake buƙata zuwa wani wuri, sannan ka goge shi, ka sauke na asali daga Play Store, ka kunna lambar sirrin nan take. Idan kana da manhajar banki a wayar, ka canza kalmar sirrinta ita ma a ranar.