Ni na zuba kuɗin fim ɗin, amma darakta ya ce kar in saki tsohon sai ya gyara

Wani Alhaji ɗan kasuwar fim ne ya turo min wannan, na taƙaita shi saboda saƙon muryar ya kusa minti tara. Ya ce shekara goma sha wani abu da suka wuce, lokacin da kasuwar sidi ke ci, shi ya ba furodusa kuɗi aka yi wani fim, ya buga ya sayar ya ci ribarsa, kaset ɗin masta, wato asalin kwafin da ake buga sauran daga gare shi, ma yana durowarsa har yau. Yanzu ɗansa ya buɗe masa shafi a YouTube suna so su ɗora fim ɗin yadda yake, sai daraktan ya ji labari ya bugo waya ya ce sam bai yarda ba, wai aikin ƙuruciya ne, sautin ba kyau, akwai waƙa biyu da sin ɗaya, wato fitowa ɗaya a cikin fim ɗin, da yanzu kunyarsu yake ji, sai dai a ba shi ya sake yankawa ya gyara kala sannan a saki. Tambayar Alhaji ita ce wa ke da iko a nan, kuma wanne zai fi kawo kuɗi, tsohon ko gyararren?

To Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin in taɓa naka bari in kai ka Amurka tukuna, don wannan rigimar taku su sun kusa shekara talatin suna yinta a kan fim ɗaya, kuma kuɗin da ke ciki ya fi ƙarfin lissafin ni da kai.

Fim ɗin shi ne Star Wars na 1977. Daraktansa George Lucas, kamfanin da ya zuba kuɗi 20th Century Fox, wajen dala miliyan 11. Lucas ya yi wata dabara da har yau ake ba da labarinta a makarantun kasuwanci, bai tsaya jan ciniki a kan kuɗin aikinsa na darakta ba, ya ce a bar masa haƙƙin yin ci gaban fim ɗin da haƙƙin kayan wasan yara da riguna da sauran tarkacen da za a buga sunan fim ɗin a jiki. Su Fox suka ga kamar sun yi masa wayo. Fim ya fito ya fashe, shi kuma da kuɗin da ya samu da bashin banki ya yi na biyu a 1980 da kansa, ka ga daga nan ya tashi daga ɗan kwangila ya koma mai kaya.

Da ya zama mai kaya sai ya yi irin abin da daraktanka ke son yi. A 1997 ya sake fito da fina-finan Star Wars uku na farko a sinima bayan ya shiga cikinsu da kwamfuta, ya ƙara halittu, ya dawo da sin ɗin da aka taɓa cirewa, har ya canza wani wuri da jarumi ya harbe wani ɗan ta'adda a mashaya, ya mayar da shi ɗan ta'addan ne ya fara harbi, wai kar jarumin ya zama mai kisa haka kawai. Masu kallo suka ce ba su san wannan ba. Shi kuma ya kafe cewa gyararren shi ne fim ɗinsa na gaskiya, tsohon bai ƙarasa shi ba ne saboda ƙarancin lokaci da kayan aiki. Da aka zo faifan DVD a 2004 gyararren aka buga da ƙarin wasu canje-canjen, Blu-ray a 2011 ma haka. Sau ɗaya ya ɗan sassauta, a 2006, aka saka tsofaffin a matsayin ƙari a faifai na biyu, su ma daga wani tsohon kwafi na 1993 aka kwaso su ba tare da an wanke su ba, kamar mutum ya ba ka kyautar riga amma ya ƙi goge ta. Abin dariyar, shi wannan Lucas ɗin a 1988 har majalisar dokokin Amurka ya je yana kukan kar a bari masu kuɗi su riƙa taɓa tsofaffin fina-finai, lokacin da attajiri Ted Turner ya sayi tarin fina-finan kamfanin MGM yana shafa wa baƙi-da-fari kala. Na wani ne ba a taɓawa, nasa kam ya taɓa son ransa.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. A 2012 Disney ta sayi kamfanin Lucas gaba ɗaya a kan dala biliyan 4 da ɗoriya. Ka ce shi ke nan ai komai ya zama nasu ko? Ina. Haƙƙin rarraba fim na farko, na 1977 ɗin, yana hannun Fox har abada bisa tsohuwar takarda, wato ka sayi gida da kuɗinka amma makullin zaure yana aljihun maƙwabci. Sai a 2019 da Disney ta haɗiye Fox ɗin kanta a kan dala biliyan 71 da wani abu sannan komai ya dawo rumfa ɗaya. Kuma duk da haka ba su yi gaggawar fito da tsohon ba, har ta kai da aka haska asalin kwafin 1977 a wani bikin fina-finai a Landan a watan Yunin 2025 sai da ya zama babban labari. A tsakanin nan me ya faru? Masu son tsohon suka gaji da jira, suka nemo tsofaffin kwafin sinima suka wanke da kansu a kwamfuta suna rabawa juna a intanet kyauta. Kasuwa na nan, mai kaya ya ƙi sayarwa, sai aka bi ta bayan gida, ko sisi bai shiga aljihun kamfani ba daga wannan. Kai da ka yi zamani da masu satar fasaha ba sai na yi maka dogon bayani ba, idan ka ɓoye tsohon fim ɗinka wani yaro mai shagon turi yana da kwafin sidinsa, shi zai ɗora ya ci kuɗin.

Yanzu naka. Abu uku ne ka haɗa a tukunya ɗaya kana kiransu "fim ɗina": kaset ɗin masta, haƙƙin mallaka, da ra'ayin darakta. Kaset a durowa ba ya ba ka haƙƙin mallaka, kamar yadda sayen littafi ba ya ba ka ikon kai shi maɗaba'a ka buga dubu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022, tana ɗaukar wanda ya yi tsare-tsaren yin fim a matsayin mai shi, sai dai in waɗanda suka yi fim ɗin sun rubuta wata yarjejeniya daban a tsakaninsu. A aikace yawanci furodusa ke nan ko kamfaninsa. Saboda haka abin da zai ba ka mamaki, darakta ba shi ne babbar matsalarka ba, in dai haya aka ɗauke shi aka biya shi kuɗin aikinsa kuma babu takardar da ta ce sai da yardarsa za a saki. Wanda ya kamata ka nema tun jiya shi ne furodusan, wanda a duk minti taran nan sau ɗaya ka ambace shi.

Me ya sa? Saboda ba ka faɗa min a matsayin me ka ba shi kuɗin ba. In kai ne ka ɗauki nauyin aikin, ka tsara, shi yaronka ne kawai a lokeshan, to kana da ƙafa mai ƙarfi. In kuma irin cinikin da aka saba yi ne a wancan lokacin, furodusa ya gama fim ya kawo wa ɗan kasuwa ya saya ya buga sidi, to tambayar ita ce me ka saya, fim ɗin ɗungurungum ko izinin buga sidi? Doka ta ce sayar da haƙƙin mallaka, ko ba mutum izinin da shi kaɗai zai yi amfani da shi, sai a rubuce. Cinikin baki da shaidu biyu da shan hannu yana iya zama izini, amma ba ya mayar da kai mai fim. Kuma lokacin da kuka yi cinikin nan ba wanda ya kawo YouTube a ransa balle a ambace shi. Na san za ka ce ai mutumin kirki ne, mun yi shekara ashirin tare. Na yarda. Amma ranar da fim ya fara kawo dala mutanen kirki ma tunaninsu kan dawo, kuma in ba shi ba magadansa, don haƙƙin fim shekara 50 yake yi daga fitowarsa, naka ko rabi bai yi ba.

Akwai ma wani fim da ya nuna yadda takarda ke juya mai kuɗi ya zama mai iko, Blade Runner na 1982. Kuɗin aiki ya zarce abin da aka tsara, sai waɗanda suka tsaya wa fim ɗin lamuni suka cike giɓin, yarjejeniya kuma ta ba su iko. Aka ɗora muryar jarumi tana bayanin labari, aka liƙa ƙarshe mai daɗi, darakta Ridley Scott na ji na gani. Sai a 1992 aka fito da wanda ya fi kusa da ra'ayinsa, sannan a 2007 ya samu ya yi nasa yadda yake so bayan an warware rigimar haƙƙi da ta ja shekaru. To amma duba abin da kamfanin Warner, masu rarraba fim ɗin, suka yi a 2007 ɗin, suka haɗa duka nau'o'in, na sinima da na darakta da na ƙarshe har da kwafin gwaji, a kwali ɗaya mai faifai biyar suka sayar wa mutanen da da yawansu sun riga sun sayi fim ɗin a baya. Wallahi wannan ita ce kasuwa. Kaya ɗaya, ciniki uku.

Shi ya sa amsata a kan wanne zai fi kawo kuɗi ita ce kar ka zaɓa. Wanda zai nemi fim ɗin shekara goma sha biyar a YouTube ba kala ya zo nema ba, ƙuruciyarsa ya zo nema, yana so ya ji waƙar nan da aka riƙa sakawa a gidan biki, ita ce kuma daraktanka ke son cirewa. Da tsohuwar zuma ake magani. Steven Spielberg ma ya gwada, a 2002 ya goge bindigogi daga hannun jami'an tsaro a fim ɗinsa E.T. ya sa musu rediyon oba-oba, daga baya da bakinsa ya ce ya yi nadama, aka koma sayar da na asali. Saboda haka tsohon shi ne jarinka, shi za ka fara ɗorawa. Gyararren kuma ka bar darakta ya yi, bayan wata biyu ko uku a sake shi da sunansa ɓaro-ɓaro a matsayin sabon gyaran darakta, mutane su zo su kalla su yi ta musu a kan wanne ya fi, musun nan kansa talla ce ba ka biya ba. Sharaɗi ɗaya, kuɗin edita da gyaran sauti kar su fito daga aljihunka kai kaɗai, ko ya sa nasa a ba shi kaso mai tsoka a gyararren, ko ka biya ka fara cire kuɗinka kafin a raba. Kuma kar ka ba shi kaset ɗin masta, a juye a kwamfuta a ba shi kwafi, kai ma ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu, don kaset ɗin da ya shekara goma sha a durowa da zafin Kano ba abin dogaro ba ne.

Kar kuma ka ce tunda doka ba ta ba shi iko ba sai ka take shi. Da a Faransa ne ma da labarin ya sha bamban, can darakta na da haƙƙi a kan mutuncin aikinsa ko da ya sayar, a 1991 babbar kotunsu ta ba magadan darakta John Huston gaskiya a kan fim ɗinsa da aka shafa wa kala. Nan ba can ba ne, amma masana'antar nan ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma mutumin da ke jin an ci masa fuska ba sai ya je kotu ba, ƙorafi kawai zai tura wa YouTube a sauke fim ɗin kafin a bincika, irin wannan gargaɗin in ya kai uku shafin gaba ɗaya ake rufewa. Sin ɗayan nan da ya ce yana kunya, ka zauna ka kalla da idon yau. In abu ne da zai taɓa mutuncin wani, musamman 'yar wasan da yanzu tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta, cire shi ba zai rage maka ko kwabo ba.

Waƙoƙin ma ka bincika wa ya yi su kuma da wane sharaɗi, don mawaƙi da marubucin labari kowa da nasa haƙƙin. In kiɗan daga fim ɗin Indiya aka aro shi, kamar yadda aka sha yi a wancan zamanin, na'urar YouTube na iya gano shi ta karkatar da kuɗin tallan zuwa wani kamfani a Mumbai kana zaune. Sannan shafin ɗanka ba zai fara karɓar kuɗin talla ba sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara, bayan nan ma kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan ne naku, kar ka yi wa kowa alƙawarin kuɗi a watan farko. Gyararren kuma ka leƙa hukumar tace fina-finai ka ji ko sai an sake duba shi.

Satin nan dai ka nemo duk wata takarda da ta rage, ko rasit ne ko bayan kwalin sidin da aka rubuta wanda ya ɗauki nauyi da wanda ya shirya. Ka kira furodusan ku zauna ku uku da daraktan, lauya ya rubuta muku shafi biyu: wa ke da fim ɗin, wa zai ɗora a intanet, nau'i biyu za a saki, kason kowa nawa a kowanne. Ka turo min hoton rasit ɗin da na bayan kwalin in gani kafin ku zauna, kuma ka ce wa yaron ya dakata da ɗorawa tukuna.